Daga Tashin Gasa Zuwa Fitowar Retin: Inda Rahoton Ches Yake Maƙalewa

Idan aka tashi daga gasar ches ta ƙarshen mako a nan Gombe, aka raba kyaututtuka, 'yan Bauchi da Yola da Jos suka ruga tasha don kada dare ya riske su a hanya, a wurinsu magana ta ƙare. Mu da ke teburin alƙalai kuwa, rabin aikin ne ya rage. Takardar sakamakon da ke manne a bango ba ta motsa retin ɗin kowa, wato adadin da ke nuna ƙarfin wasansa. Sai an tattara gasar gaba ɗaya ta zama fayil guda, babban alƙali ya miƙa wa jami'in retin na tarayyar ches ta ƙasa, shi kuma ya duba ya ɗora a rumbun FIDE, hukumar ches ta duniya, sannan ranar 1 ga wata retin ɗin ɗan wasa ya hau ko ya sauka. Tafiyar ba ta da nisa, amma a cikinta ne gasa takan yi wata biyu ba ta fito ba, ko ta fito da nasarar wani a kan sunan wani.

'Yan wasa sukan ɗauka fayil ɗin yana can kwance a wani ofis an manta da shi. A aikace ba haka muke gani ba. Mafi yawan abin da ke riƙe rahoto, tun kafin a danna agogon zagayen farko aka shuka shi, a kan teburinmu. Tun ran gini, ran zane.

FIDE ba ta karɓar gasa daga hannun mai shiryawa. Tarayyar ƙasar da za a buga a cikinta ce ke yi mata rajista, kuma ƙa'ida ita ce a yi haka aƙalla kwana 3 kafin ranar farawa. Kwana 30 ne idan akwai ɗan wasan da retin ɗinsa ya haura 2700 ko 'yar wasan da nata ya haura 2500, wanda ba damuwarmu ba ce a nan. Amma kwana ukun nan wa'adin FIDE ne ga tarayya, ba wa'adinmu ba ne ga jami'in retin. Shi ma mutum ne mai nasa harkokin. Muna aikawa da kamar mako biyu: sunan gasa, gari, ranar farawa da ta ƙarewa, yawan zagaye da ranar kowanne, tsarin lokaci, da sunayen alƙalai tare da lambobin shaidarsu na FIDE. Daga nan sai mu shiga shafin ratings.fide.com, mu nemi gasannin da aka yi wa rajista a ƙarƙashin NGR, alamar Najeriya. Sai mun ga namu da idonmu sannan muke buga a fosta cewa gasa ce mai retin. Duk kuɗin da tarayya ta gindaya a biya shi a lokacin, a ajiye rasit, kada a bari sai an ga abin da ya rage bayan kyaututtuka.

Taro guda ba gasa guda ba ce. Idan an shirya dogon wasa Juma'a da Asabar, rafid (wasa mai sauri) da safiyar Lahadi, bilits (wanda ya fi shi sauri) da yamma, to gasa uku ke nan a idon FIDE, domin jerin retin uku take da su, kowanne daban. Rajista uku, fayil uku. Sau da yawa akan yi wa babbar rajista, a manta da bilits saboda "ai na nishaɗi ne", sai bayan an gama yara su fara tambayar retin ɗinsu na bilits. Gasar da ba a yi wa rajista ba, ba abin da za a ɗora mata.

Tsarin lokaci shi ma yana kashe wasanni shiru, ba tare da kowa ya lura ba. Lissafin FIDE a kan wasa mai tafiya 60 yake: a ɗauki mintocin farko, a ƙara daƙiƙun da ake ƙara wa ɗan wasa a kowace tafiya sau 60. Minti 15 da ƙarin daƙiƙa 10 ya zama minti 25, rafid ke nan. Minti 3 da ƙarin daƙiƙa 2 ya zama minti 5, bilits. A dogon wasa kuwa, idan retin ɗin duka biyun yana ƙasa da 1800 minti 60 ya isa kowannensu. Idan ɗayansu ya kai 1800 sai minti 90. Idan ya kai 2400 sai 120. A da mukan sanya minti 60 cif hankali kwance, tunda 'yan wasanmu na gida ba su kai can ba. Amma ranar 1 ga Maris 2024 FIDE ta ɗaga duk wanda ke ƙasa da 2000 da kashi 40 cikin 100 na tazarar da ke tsakaninsa da 2000. Mai 1700 ya wayi gari da 1820. Yanzu baƙo ɗaya daga Jos ya isa ya sa wasanninsa su gaza cika sharaɗi a gasar minti 60. Minti 60 da ƙarin daƙiƙa 30 ya fi tsira, don lissafinsa 90 ne, kuma zagaye uku a rana suna shiga cikin iyakar awa 12 da aka yarda a buga a wuni ɗaya, har da sararin sallah da cin abinci.

Sai alƙalai. Duk wanda sunansa ya shiga rahoto a matsayin alƙali dole ya kasance da lasisin FIDE, ko da alƙalin ƙasa ne kawai. In ba haka ba gasar ba za ta samu retin ba. Nan kara ke jawo matsala. Dattijon da ya taimaka da zaure, ko malamin makarantar da ya kawo yara, a gode masa a jawabin rufewa, a ba shi takardar yabo, amma kada a rubuta shi mataimakin alƙali don girmamawa.

Teburin rajistar 'yan wasa shi ne inda muka fi daɗewa, kuma ya cancanci haka. Kowane ɗan wasa sai da lambar FIDE, wato lambar shaidarsa a rumbu, mai retin da marar retin. Manhajar da muke amfani da ita, Swiss-Manager, tana sauke jerin FIDE na watan cikin kwamfuta, ka rubuta suna ta kawo maka masu kama da shi, ka zaɓa. A ƙasar da sunan iyali yake tsayayye wannan aikin daƙiƙa biyar ne. A wurinmu kuwa mutum yana da sunansa, da na mahaifinsa, wani lokaci da na kaka ko na gari, kuma jerin FIDE yana son ɗaya a gaba a matsayin sunan iyali, waƙafi, sannan sauran. Wanda aka yi wa lamba shekarun baya da Mohammed yau zai rubuta maka Muhammad, gobe Muhammadu. Abubakar a takardar makaranta, Garba ko Habu a bakin abokai. Wannan karon ya ƙara Kumo ko Deba a ƙarshe, wancan karon bai ƙara ba. Ga Sa'idu da Mu'azu da Isma'il, waɗanda a jerin za ka iya samunsu da ɗauri ko babu. Ga kuma haruffan ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda jerin ba ya ɗauka, sai dai k da d da b.

Ɓarna iri biyu ke fitowa daga nan. Ɗaya, a zaɓi mai suna iri ɗaya daga wata jiha, wanda bai san ma ana gasa a Gombe ba, wasanni shida su hau kansa. Manhaja ba za ta yi ƙorafi ba, rumbun FIDE ma haka, domin lambar ta gaske ce. Ɗayar kuma, a nema a rasa saboda bambancin harafi, a ce ba shi da lamba, a roƙa masa sabuwa. Ya zama mai lamba biyu: tsoffin wasanninsa a can, sababbi a nan, kuma haɗe su sai an bi ta hannun jami'in retin da wasiƙa da hujja. Saboda haka ba ma nema da suna sai dole. Muna tambaya, "Malam, mece ce lambarka ta FIDE?" Idan bai haddace ba, mu buɗe shafinsa a waya, mu juya masa, ya ga suna da shekarar haihuwa da gasar da ya buga a baya, ya ce shi ne. Idan ya ce bai taɓa samun lamba ba, mu sake tambaya ta wata fuska: ka taɓa buga gasa a Abuja, ko Kaduna, ko a wasannin jami'o'i? Da yawa an yi musu lamba a irin waɗannan wurare ba su sani ba.

Sababbi na gaskiya muna karɓar cikakken suna yadda yake a takardar haihuwa ko ta NIN, da jinsi, da ranar haihuwa cikakkiya, mu aika wa jami'in retin tun kafin gasa. Wanda ya zo da safiyar ranar farko ba lamba, shi ne yakan riƙe rahoton mutum arba'in, domin layinsa a fayil zai zauna fanko har sai lambar ta fito. Ranar haihuwa kuma ba ado ba ce. A dogon wasa, yaron da ke ƙasa da 2300 ana lissafa masa da K 40 (K shi ne adadin da ake ninka hawa ko saukar retin da shi) har ƙarshen shekarar da ya cika 18, alhali babba da ya riga ya buga wasa 30 yana kan K 20 muddin bai taɓa kai 2400 ba. Kuskuren shekara biyu ya isa ya ninka ko ya raba duk abin da ya samu, ban da rigimar rukunin 'yan ƙasa da 14 ko 16. Idan uba ya ce, "Ku dai sa ɗaya ga watan ɗaya," sai mu ce, "Alhaji, a taimaka a turo hoton takardar haihuwar ko zuwa dare ne." Wani ƙaramin abu: alamar Najeriya a FIDE NGR ce. NGA ta fasfo ce, NIG kuma ta Nijar. Kuma baƙon da ya zo daga wata ƙasa ba shi da lamba, tarayyarsa ce za ta yi masa, ba tamu ba.

Da an fara wasa, abin da ya fi komai daraja a zauren shi ne 'yar takardar sakamako. A dogon wasa kowa yana rubuta tafiyarsa, kuma doka ta ce su sa hannu a kan takardun biyu da sakamakon. Ko da abin da suka rubuta kuskure ne, shi zai tsaya, sai dai idan alƙali ya ga dalilin sauyawa. A rafid da bilits ba a rubuta tafiya, saboda haka in ba takardar sakamako, ba wata hujja sai "na ce, ka ce". Muna buga ta daga manhaja kowane zagaye: lambar tebur, sunan fari, sunan baƙi, wurin sakamako, wurin sa hannu biyu. Ba ma karɓar sakamako da baki, ko daga wa. Wanda ya leƙo ya ce "Yallaɓai, na ci" yana sauri zai je alwala, sai ya dawo da abokin karawarsa.

Ga yadda sakamako yake juyewa ba tare da kowa ya yi ƙarya ba. Jadawali ya ce a tebur na 9 wane ne fari, wane ne baƙi. Suka zo suka zauna a juye, ba wanda ya duba. Doka ta ce idan an gano kafin kowannensu ya yi tafiya 10 a sake sabon wasa da launin da ya dace, idan sun kai 10 a ci gaba. To ba a gano ba. Wanda jadawali ya ba fari ya buga da baƙi, ya kuma ci. Ya ɗauki biro, ya san baƙi ne ya yi nasara, ya rubuta 0-1. Abokinsa ya duba, ya ga ai kuwa baƙi ya ci, ya sa hannu. Mai shigarwa a kwamfuta ya ga 0-1 a tebur na 9, ya danna. A cikin manhaja, wanda ya ci ya zama wanda aka ci. Maganinsa mai sauƙi ne: ban da rubuta lamba, a zagaye sunan wanda ya yi nasara da biro, in canjaras ne a zagaye duka biyun. Alƙalin da ke yawo kuma, a mintocin farko na kowane zagaye, aikinsa ke nan: ya bi teburi ɗaya bayan ɗaya da jadawali a hannu yana duba wa ke zaune ina. Idan wasan ya riga ya tafi a juye, a gyara launin a manhaja ma, don rahoto abin da aka buga yake ɗauka, ba abin da aka tsara ba.

Kada a raina irin wannan. Idan 'yan wasa biyu masu retin ɗaya suka kara a kan K 40, mai nasara yana samun 20, wanda aka ci yana rasa 20. Juyewar sakamako ɗaya tazarar 40 ce ga kowannensu. Yaron da ke fafutukar shiga tawagar jiha ya san nauyin wannan fiye da mu.

Cin bulus ya fi wannan yawan faruwa. Abokin karawa bai zo ba har wa'adin jira ya cika, an ba wanda ya zo maki ɗaya. A teburin gasa maki ne cikakke, amma a retin ba wasa ba ne, domin sai kowannensu ya yi aƙalla tafiya ɗaya ake lissafawa. Manhaja tana da maɓalli daban na wannan, wanda ke rubuta + da - maimakon 1 da 0. Mai gaggawa sai ya danna 1-0 yadda hannunsa ya saba. Sakamakon haka, mutumin da motarsa ta lalace tsakanin Kaltungo da Kumo ya rasa retin a wasan da bai zauna ba, ɗayan kuma ya samu na banza. Akasin haka ma yana faruwa: wayar ɗan wasa ta yi ƙara a aljihunsa a tsakiyar wasa, alƙali ya yanke an ci shi, sai a shigar da shi bulus saboda "ai ba a kan allo aka ci shi ba". Wannan wasa ne da aka buga, 0 ne na gaske, kuma yana shiga retin. Shi ya sa a kan takardar duk wanda bai zo ba muke rubuta "bai zo ba" da manyan haruffa, alƙali ya sa hannu.

Hutun zagaye ma kala-kala ne. Wanda ya rage ba abokin karawa saboda adadin 'yan wasa mara ne, daban. Wanda ya nemi uzuri tun da wuri saboda ɗaurin aure ko jarrabawa aka ba shi rabin maki, daban. Wanda aka cire daga zagayen ba maki, daban. Ba ɗayansu da ke taɓa retin, amma kowanne da harafinsa a fayil. Wanda kuma ya ga ba zai kai ga kyauta ba ya sulale bayan zagaye na huɗu bai faɗa wa kowa ba, a cire shi da zarar ya ɓata zagaye ɗaya, kada a yi ta haɗa shi da mutane suna cin bulus.

Ƙorafi yana da lokacinsa. Idan aka kawo gyara kafin a fitar da jadawalin gaba, a gyara a haɗa da shi. Idan an riga an fitar, gyaran zai yi aiki a haɗin da ke biye. Idan har an wuce nan, ba a rushe abin da aka buga, amma dole a rubuta shi a gefe don a gyara a rahoton retin. Wannan "a gefe" ɗin ne yake ɓacewa. Muna da littafi guda mai bango a teburin alƙalai don haka kawai, kuma ba a rufe fayil sai an bi shafukansa.

Daren rufewa kowa ya gaji, amma a daren muke tantancewa, domin washegari takardu sun watse, mutane sun koma garuruwansu. Takardun kowane zagaye suna cikin ambulan ɗinsu, an jera su bisa lambar tebur. Mutum biyu: ɗaya yana karanta takarda da ƙarfi, tebur, suna, suna, wanda aka zagaye, ɗaya yana bin allon kwamfuta. Kuma mai kallon allon kada ya zama wanda ya shigar da sakamakon tun farko, don ido yana ganin abin da ya sa rai zai gani. A ce mutum 40 ne zagaye 6, wasa 120 ke nan, aikin da bai kai awa ɗaya ba. Wasu sukan tsaya ga lissafin jimla, su ce maki 120 aka raba, 120 kuma suka samu, shi ke nan. Jimla tana kama wasan da aka manta ba a shigar ba. Ba ta kama sakamakon da ya juye, ba ta kama bulus da aka shigar a matsayin nasara, ba ta kama lambar wani da aka ɗora wa wani. Duk manyan kurakuran uku suna wucewa ta gabanta.

Bayan kowane zagaye muna kwafe fayil ɗin gasar a filas, mu kuma tura wa junanmu, mu ɗauki hoton jadawalin bango. Wanda aka taɓa ɗauke wa wuta a zaure da batirin kwamfuta a ja ya san dalili. Muna kuma ɗora sakamako a chess-results.com zagaye bayan zagaye idan sabis ya yarda. A nan ne ruɗani yake shiga: ɗan wasa ya ga sunansa a wannan shafin, har da kiyasin abin da ya samu ko ya rasa, sai ya ɗauka an kai rahoto. Shafin nan na nuna sakamako ne, ba rumbun FIDE ba ne. Amfaninsa gare mu shi ne idanun mutum arba'in sun fi na mutum biyu. Mukan sanya mahaɗin a zauren WhatsApp na gasar, mu ce kowa ya duba lambarsa ta FIDE da wasanninsa ɗaya bayan ɗaya zuwa Magaribar gobe. Wuni ɗaya ya isa. In ka ba da mako, ba wanda zai duba sai ranar ƙarshe.

Fayil ɗin da ake aikawa shi ake kira TRF, kuma manhaja ce ke fitar da shi. Rubutu ne zalla, ana iya buɗe shi da Notepad, kuma ya kamata a buɗe a karanta kafin a aika. Kowane layi da lambarsa a farko: 012 sunan gasa, 022 gari, 032 tarayya, 042 da 052 ranar farawa da ta ƙarewa, 102 babban alƙali, 112 mataimaki, 122 tsarin lokaci, 132 ranakun zagaye. Waɗannan su dace da abin da aka yi wa rajista harafi da harafi. Idan an ɗaga zagayen Juma'a zuwa Asabar, ko an rage zagaye ɗaya saboda dare, a sanar da jami'in retin tun a ranar, kada ya tarar da shi a fayil. Daga nan sai layukan 001, ɗaya ga kowane ɗan wasa: lambarsa a gasar, jinsi, suna, retin, tarayya, lambar FIDE, ranar haihuwa da shekara a gaba, maki, matsayi, sannan wasanninsa. Kowane wasa abu uku ne. Idan ka ga 12 w 1 a layin ɗan wasa na 7, ma'anarsa ya kara da na 12, da fari, ya ci. A layin na 12 kuwa a wannan zagayen dole ka ga 7 b 0. Canjaras alamar = ce, bulus + da -, hutun rabin maki H, hutun wanda ya rage U, wanda ba maki Z. Ka bi ginshiƙin lambar FIDE daga sama har ƙasa da yatsa: ba gurbi fanko, ba lamba biyu iri ɗaya.

Kada a gyara wannan fayil da hannu. Kowane abu yana da gurbinsa a ƙidayar haruffa, suna ma haruffa 33 aka ware masa. Ka ƙara sarari ɗaya, duk abin da ke bayansa ya goce, rumbu ya ƙi karɓa, ko ya karanta shi ba daidai ba. Buɗe shi da Word a sake ajiyewa ma yana iya lalata shi. Gyara a cikin manhaja ake yi, a sake fitar da sabo, a goge tsohon, don kada a tara "na ƙarshe" da "na ƙarshe 2" a aika wanda bai dace ba. A tura ta imel a matsayin fayil, ba hoto ba, ba kwafin rubutu cikin saƙo ba, a sa lambar rajistar gasar a kan saƙon, a kuma nemi amsar cewa ya isa.

Sauran jinkirin na kalanda ne, kuma ba laifin kowa ba ne. FIDE tana fitar da jeri ranar 1 ga kowane wata, tana kuma rufe karɓa kwana 3 kafin nan. Gasar da ta ƙare ranar 30 ga Yuni ba za ta shiga jerin 1 ga Yuli ba ko da an aika fayil a daren; sai 1 ga Agusta. Mu kuma ƙarshen wata muke son sanya gasa, don lokacin ne albashi ya shigo mutane ke da kuɗin mota da na rajista. Ba laifi, amma a faɗa wa 'yan wasa tun a taron buɗewa watan da za su ga retin ɗinsu. Abin da ya fi haɗari shi ne wa'adin ƙarshe: rahoton da bai shiga jeri na uku bayan ƙarewar gasa ba, gasar ba za ta samu retin ba sam. Wata uku kamar da yawa, amma fayil ya dawo sau ɗaya saboda lambar mutum guda, ka yi mako biyu kana neman mutumin a waya, ka tsallake jeri ɗaya.

Ranar 1 ga wata waya takan fara ƙara tun da safe. "Malam, retin ɗina bai fito ba." Kafin a ce kuskure ne sai a duba, domin yawancinsu ƙa'ida ce ke aiki. Sabon ɗan wasa ba ya samun retin sai ya buga aƙalla wasa 5 da masu retin. Ba dole a gasa ɗaya ba, ana tara masa har tsawon wata 26. Zagaye shida da ya buga, wataƙila uku da sababbi irinsa ne, ɗaya kuma bulus. Idan a gasarsa ta farko bai samu ko rabin maki a hannun masu retin ba, ba a lissafa ta. Idan biyar ɗin sun cika, ana ƙara masa canjaras biyu na ƙirƙira da masu 1800 sannan a yi lissafi: a ce abokan karawarsa biyar matsakaicinsu 1600, ya samu maki biyu da rabi, zai fito da 1657. Idan lissafin ya faɗi ƙasa da 1400, ba a fitar da shi a jeri. Shi ma mai retin da ya doke sababbi huɗu ya ga retin ɗinsa bai motsa ba, haka dokar take, wasa da marar retin ba ya ƙara masa komai. A shafin kowane ɗan wasa akwai lissafin watan, wasa bayan wasa, da sunan abokin karawa da abin da aka ƙara ko aka rage. Mukan ce ya buɗe mu bi tare, galibi a nan maganar take mutuwa.

Idan kuwa kuskuren na gaske ne, babban alƙali ne zai rubuta wa jami'in retin, ba ɗan wasa ba, kuma ba a tsallake shi a rubuta wa FIDE kai tsaye. A saƙon a sa sunan gasa da lambar rajistarta, zagaye, tebur, lambobin FIDE na mutum biyun, abin da aka aika, abin da ya kamata ya zama, hoton takardar da suka sa wa hannu, da sabon TRF da aka gyara a manhaja. Idan lambar wani aka ɗora wa wani, a ambaci lambobin biyu, wadda za a cire da wadda za a sa, don mutumin can na wata jiha shi ma a sauke masa abin da bai buga ba. A sanar da ɗaya ɗan wasan kafin a aika, musamman idan shi ne zai rasa maki. Gyaran ba ya bayyana nan take, yawanci sai jeri na gaba, kuma duk gasar da suka shiga a tsakani da retin ɗin da aka riga aka fitar za a jera su. Ambulan ɗin takardun kuwa suna nan a kabad, kowanne da sunan gasa da zagaye a bayansa, ba ma zubar da su sai shekara ta zagayo.